Motar da Ta Kulle wa Athol Ƙofa

A Wirrabee, wani ɗan garin manoma, ba a kulle mota. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a matsayin doka. Tarbiyya ce kawai, kuma garin da sai an rubuta masa tarbiyya ya riga ya lalace. Ranar Alhamis, in mutanen gonaki sun shigo gari, za ka ga motoci jere tun daga gidan waya har gidan burodi, kowacce ƙofarta a sake. Mutum ya shiga aski, ya fito ya tarar da ƙwai a kujerarsa, ko kabewa, ko zarton da ya ba da aro tun bara har ya fid da rai. Ba a barin suna. Ka san kajin da suka yi ƙwan, ka kuma san abin da ya kamata ka mayar. Wanda ya kulle motarsa a kan wannan titi, kamar ya miƙe ne a tsakiyar coci ya ce da ɓarawo a cikin jama'a.

Lindsay Noske ya san haka tun kafin ƙafarsa ta isa totur. A cikin duk masu buɗe masa mota kuwa babu kamar Athol Zerner, mai gonar lemu a hanyar kogi. Tare suka sha bulala a makaranta, tare suka buga ƙwallo har gwiwoyinsu suka ce sun gaji, Athol ne kuma babban aboki ranar da Lindsay ya auri Glenys. Duk shekara in sanyi ya shigo, lemu ya nuna, Lindsay zai tarar da jaka cike a kujerar gaba. Shi kuma in ya yanka rago, cinya guda ta san hanyar tsohuwar akori-kurar Athol. Ba su taɓa yi wa juna godiya ba. A ganinsu godiya ta baƙi ce.

Bara wani kamfani daga birni ya zo yana sayen gonaki da haƙƙin ɗibar ruwan kogi da ke kansu. Lindsay ya sayar da rabin tasa. Athol ya ce shi sai dai a sauko da gawarsa daga kan tsani, alhali kowa ya san lemu ba ya fid da ko kuɗin ban-ruwa yanzu. Da labarin cinikin ya isa kunnensa, abin da ya ce wa Lindsay kawai shi ne, "To, ka huta ke nan." Maganar ba ta ƙara tashi ba. Sai dai irin wannan magana ba mutuwa take yi ba, kwanciya take yi.

Da kuɗin gonar Lindsay ya sayo jif, fara fat, mai kujerun fata masu ɗumama ƙugu. Ba ta da makulli irin na mutane. Wani ɗan rimot ne da bai fi akwatin ashana ba, ka jefa a aljihu, wai in ka danna nan ta buɗe, in ka danna can ta kulle. Wai. Ba a daɗe ba ta nuna halinta. Lindsay zai tsaya yana danna rimot har yatsansa ya yi fari, ko gezau. Ya juya ya nufi rumfar tumaki yana ƙunƙuni, sai ya ji ta buɗe a bayansa. Wani lokaci kuma ba wanda ya taɓa ta, sai ta yi kuka kwit-kwit, fitilu su ƙifta, ta kulle kanta, madubai su kwanta kamar jaki ya kwantar da kunne. Akwai ɗan ƙarfen makulli da aka ɓoye a cikin rimot ɗin, amma ranar da ya gwada shi a gaban coci jiniya ta tashi, sai da fasto ya dakata da wa'azi.

Dillalan da suka sayar masa suna can babban gari, tafiyar rabin yini. Ya kira su ba iyaka. Wata yarinya mai suna Shanelle ce ke ɗauka, kuma kullum maganarta ɗaya: ya canza batir. Ya canza batir har mai kantin garin ya fara ɓoye masa saura. Ya kai motar da kansa. A gaban makanikai ta zama saliha, a danna ta buɗe, a danna ta kulle, suka ba shi shayi suka raka shi bakin ƙofa da murmushin da ake yi wa tsofaffi. Duk wannan bai hana shi goge ta kowace Asabar ba. Mutum in ya kashe kuɗi a kan abu, yakan yi haƙuri da shi fiye da yadda yake yi da 'yan uwansa.

Abin ya faru ne wata Alhamis cikin Yuli, wanda a ƙasar nan shi ne tsakiyar sanyi. Lindsay ya ajiye jif a gaban gidan burodi, bai kulle ba, ya shiga layi. Burodin nan mai nama a ciki saura ɗaya a cikin gilashi, Lindsay ne na gaba a layin, ga kuma matar mai gidan mai a bayansa tana zuba wa burodin ido. Ta taga ya hango Athol ya tsallako titi da jakar lemu a kafaɗa, yana ɗan ɗingishi kamar kullum. Athol ya miƙa hannu zai kama ƙofa. Hannun bai kai ba motar ta ce kwit-kwit, fitilu suka ƙifta, madubai suka kwanta.

Athol ya ja ƙofa, ta ƙi. Tsofaffin da ke zaune a bencin gidan waya suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ɗaga murya, "Athol, ta ce ba ta san ka ba! Ka je ka sa kwat ka dawo!"

Athol ya ɗaga kai ya dubi tagar gidan burodi. Abin da ya gani shi ne Lindsay tsaye yana kallonsa, hannu cikin aljihu. Canji yake lalube, amma wa zai tabbatar? Suka haɗa ido. Lindsay ya yi ɗan murmushi, ya ɗaga kafaɗa. A ransa cewa ya yi bari ya karɓi burodin tukuna, in ya so su yi dariyar tare. Kafin a naɗe masa a takarda Athol ya mayar da jakarsa bayan akori-kura, ya ba ta wuta.

A faɗi gaskiya, taku kaɗan ne tsakanin layin nan da bakin titi. An sha rasa aboki a kan rabon gado ko a kan mace, amma a kan burodin nama sai Lindsay.

Bayan kwana biyu suka yi kiciɓis a hanyar kogi, kowa a motarsa. A waɗannan hanyoyi in motoci biyu suka gifta, kowane direba yakan ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari. Ana yi wa baƙo, ana yi wa maƙiyi, ana yi wa mai karɓar haraji. Lindsay ya ɗaga yatsa, har ya ƙara na biyu. Hannun Athol bai motsa ba. Ya wuce idonsa a kan kwalta.

Lindsay ya iso gida ya zauna a kicin da hularsa a ka. Glenys tana murza garin kek, ba ta ko waiwayo ba.

"Na ji labari," in ji ta. "Matan ƙungiyarmu ta coci ba su bar komai ba. An ce har murmushi ka yi."

"Ni fa ban kulle ba. Ke ma kin san halin motar nan."

"Ni na sani. Shi ka gaya masa?"

"Yo me zan ce? Mutum da furfurarsa ya yi fushi da mota?"

"Da mota yake fushi, ko? To sai ka tura motar ta ba shi haƙuri." Ta buga kwanon a kan tebur. "Ka ɗauki ƙafa ka je, Lindsay. Zumunta a ƙafa take."

Bai ɗauki ƙafa ba, waya ya ɗauka. Haka maza suke: sun gwammace su yi faɗa da kamfani shekara guda da su ce wa aboki kalma uku.

"Mista Noske, barka da rana," in ji Shanelle. "Batir ne kuma?"

"Ba batir ba ne, 'yata. Motarku ta raba ni da mutum."

"Ayya. Ta buge wani ne?"

"Da ma bugewa ta yi, da na kai shi asibiti an gama. Kulle masa ƙofa ta yi a fuska, a gaban jama'a, yana ɗauke da lemu."

"Motarsa ce shi ma?"

"Tawa ce."

"To ai in ba tasa ba ce, Mista Noske, aikinta ta yi."

Lindsay ya janye wayar daga kunne ya dube ta, sannan ya mayar. "Saurara. Zan ba ki lambarsa. Ki kira shi, ki ce daga kamfani ne, ki gaya masa rimot ɗinku mahaukaci ne, ba hannuna ba ne."

"Gaskiya ba a ba mu izinin cewa kayanmu na da matsala ba sai injiniyoyi sun tabbatar."

"Yaushe za su tabbatar?"

"In ka kawo ta ta yi a gabansu."

"Ba ta yi a gabansu! Kunyarsu take ji!"

Da yamma Glenys ta nuna masa a wayarta wani dandali inda masu irin motar ke zuba koke. Wani ta kulle shi a waje a bakin teku daga shi sai gajeren wando. Wata ta kulle mata kifi a but har ya kwana. Lindsay ya karanta yana jin daɗi kamar an biya shi bashi. Ya ce gobe zai kai wa Athol ya gani da idonsa, ga shaidu nan fal.

"Shaidun da bai san ko kakan ɗaya daga cikinsu ba," in ji Glenys. "Ba ni wayata."

Alhamis ta zagayo. Lindsay ya yi dabara: ya ajiye jif a wurin da ta saba, ya sauke gilasai huɗu har ƙasa, ya daɗe a wajen aski fiye da yadda gashinsa ya cancanta. Da ya fito ya tarar da kujera wayam, sai yayyafi da ya jiƙa fatar, da kashin tsuntsu a kan sitiyari. A motar da ke kusa da tasa kuwa, ta likitan dabbobi, ga jakar lemu zaune a kujerar gaba. Ya daɗe yana kallon jakar nan. A ranar ya gane cewa in sanyin bana ya wuce a haka, to na baɗi ma haka zai wuce, har ranar da ɗayansu zai tsaya a bakin kabarin ɗaya yana cewa ai da ma.

Washegari da hantsi ya ciro rimot na biyu daga cikin durowa, ya kama hanyar kogi.

Ya sami Athol a kan tsani, jakar tsinka rataye a ƙirji, shi kaɗai a layin bishiyoyi da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Lindsay ya tsayar da motar a bakin layin, ya tako.

"Raɓa ta yi ƙanƙara jiya," ya ce.

"Ta yi," in ji Athol daga sama.

"Kogi ya ja baya."

"Ya ja."

Athol ya ci gaba da murɗe lemu yana jefawa a jaka. Lindsay ya gyara murya.

"Sauko in nuna maka abu."

"Ina da aiki. Ba kowa ne ya huta ba."

"Sauko dai, tsohon najadu, kafin tsanin ya sauko da kai."

Athol ya sauko a hankali, ya juye jakar cikin akwaku, ƙaton akwatin da ake tara lemu. Lindsay ya miƙa masa rimot.

"Riƙe. Danna ka gani. Abin nan ba ya jin magana. In ka ce buɗe sai ya yi kunnen ƙashi, in ba ka ce komai ba sai ya kulle. Danna da kanka."

Athol ya juya abin a tafin hannunsa mai kaushi. Ya danna. Motar ta ce kwit-kwit, ta kulle. Ya danna ɗayan, ta buɗe, madubai suka miƙe.

"Sake," in ji Lindsay.

Ya sake. Ta kulle, ta buɗe.

"Ja baya kaɗan. Daga nesa ne take yi."

Athol ya ja baya har gindin wata bishiya. Ta kulle, ta buɗe. Ya juya mata baya ya danna ta kan kafaɗa. Ta kulle, ta buɗe. Lindsay ya ciro nasa, wanda jiya-jiya sai da ya buga shi a jikin shinge, ya danna yana roƙon Ubangiji a ransa ya hana. Ta amsa kafin ma ya ɗage yatsa. Tunda ya sayi motar bai taɓa ganin ta yi biyayya irin ta ranar ba, bai kuma taɓa jin ya tsane ta kamar a lokacin ba.

"Abu mai kyau," in ji Athol. Ya miƙo masa rimot ɗin. "Lafiyarsa ƙalau. Kuɗi ai ba sa ƙarya."

Ya juya ya kama tsani.

Lindsay ya tsaya da rimot biyu a hannu. Shaidarsa ta ci amanarsa. Ba kamfani, ba injiniya, ba mutumin gajeren wando a bakin teku. Abin da ya rage masa sai bakinsa, kuma bakin nan ya shekara sittin da wani abu bai saba da irin wannan aiki ba.

"Athol."

Athol ya tsaya, ƙafa ɗaya a kan matakala.

"Ban kulle ba. Ba ni da abin da zan nuna maka, amma ban kulle ba." Ya dubi rimot ɗin da ke hannunsa. "Sai dai na gan ka. Na ji suna dariya. Ban fito ba."

Athol bai juyo ba. "Me ya riƙe ka?"

"Layi."

"Layin me?"

"Burodin nama. Saura ɗaya ne."

Athol ya sauke ƙafarsa. Ya juyo ya ƙare wa Lindsay kallo tun daga hula har takalmi, kamar ragon da ake son sayar masa da tsada.

"Kai kana tsammanin ban san motarka mahaukaciya ba ce? Wa bai sani ba? Ranar da ta tashi coci ina kujera ta biyu. Daga gonar nan ina jin ka kana zaginta in iska ta juyo. Mota ta kulle mini ƙofa, sai me? Ƙarfe ne. Amma na ɗaga kai na ga mutumin da na riƙe wa zobe ranar aurensa yana kallona ta gilashi, yana ɗaga mini kafaɗa kamar wani ɗan tallan da ya zo a lokacin da bai dace ba. Na ce to, shi ke nan, ya sayar da gona ya haɗa da ni a cinikin."

"Haba, Athol."

"Haba me? Ya yi daɗi, burodin?"

"Ya huce. Guntsi ne ma ya fi naman yawa."

"Alhakina ne."

Lindsay ya sake miƙa masa rimot na biyu. "Wannan naka ne. Ka ajiye. Duk sanda ta kulle ka buɗe."

"In ta ga dama."

"In ta ga dama."

Athol ya karɓa, ya jefa a aljihun riga tare da wuƙar aski da guntun igiya. Sannan ya nuna wani tsani da ke kwance cikin ciyawa.

"Ga shi can. Akwai jaka a jikin tarakta. Motar kamfanin lemu za ta zo kafin rana ta faɗi, yaran da na ɗauka kuma sun gudu wajen masu biya da yawa. Tunda ka huta, zo ka gaji."

"Gwiwata fa?"

"Gwiwar da ta iya tsayuwa a layi za ta iya hawa tsani. Kuma murɗawa ake yi, ba fizga ba. In ka yage mini ɓawo ka ci shi a nan."

Lindsay ya tuɓe rigar sanyinsa mai tsada ya rataye a reshe. Ya jingina tsani a bishiyar da ke kallon ta Athol, ya hau yana nishi. Rabon da ya tsinki lemu tun suna samari, hannun ya manta, amma Athol bai manta da yadda ake gyara wa mutum kuskure da ƙarfi ba. Suka yi ta yi, ɗaya na tsinka, ɗaya na tsinka yana mita. Rana ta take tsaka, raɓar ta bushe, akwaku ya fara cika.

Can wajen azahar, suna tsakiyar layi, ba kowa kusa da jif sai wasu tsuntsaye da ke kiwo a ciyawa, sai aka ji kwit-kwit. Fitilu suka ƙifta. Jim kaɗan ta buɗe. Ta sake kullewa.

Lindsay ya kusa faɗowa daga tsani. "Ka ji ta? Athol! Ka ji ta ko? Hannuna biyu na kan reshe!"

"Na ji," in ji Athol daga cikin ganye. "Ka bar uku a bayanka, can sama ta hagu."